Sallah Saura Kwana Arba'in, Albashi Ɗaya: Ta Ina Za A Rage?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi min afuwa, na san yau ba ranar tambayoyi ba ce, amma abin ya tsaya min a rai. Jiya da daddare ni da Baban Ilham muka zauna da biro da takarda muka yi lissafin Babbar Sallah. Rago, ɗinkin yara biyar, kayan miya, man suya, itace, kitso da lalle, barka da Sallah, kuɗin motar zuwa gida Bichi. Da muka haɗa sai ga shi ya ninka albashinsa uku har da ɗoriya. Kuma ko bashin Ƙaramar Sallah ba mu gama biya ba, ga ragowar kuɗin makarantar zango na uku. Ya yi shiru can ya ce "Allah zai kawo." Shekararmu goma sha huɗu tare, na san fassarar wannan maganar: bashi zai ci. Don Allah masu gidaje, ta ina kuke ragewa? Ba wa'azi nake nema ba, dabara nake nema.

Baban Sadiq, Kaduna: Wa alaikumus salam. Ki gode wa Allah mijinki yana zama ya yi lissafi da ke. Ni shawarata ɗaya ce: a soke ɗinki. Kayan Ƙaramar Sallah ko wata biyu ba su yi ba, ba su koɗe ba, yaran ba su yi tsawon da za su ɗage musu ba. A wanke, a sa sitati, a goge. A gidana doka ce tun 2023 da aka cire tallafin mai: ɗinki sau ɗaya a shekara, da azumi. Babbar Sallah ta nama ce.

Amaryar Bana: Baban Sadiq faɗa da baki. Kai za ka tafi idi ka dawo ka zauna gindin rago, mu ne za mu ji da kukan yara idan suka ga 'ya'yan maƙwabta da sababbi. Yaro bai san tallafin mai ba.

Baban Sadiq, Kaduna: Ke da ko haihuwar fari ba ki yi ba, kukan yaran wa kika ji?

Amaryar Bana: Ni ce babba a gidanmu, ƙannena tara. Na san kukan tun kafin ka san shi.

Hajiya Babba: To ku tsaya. Maman Ilham 'yata, ni abin da na yi da nawa 'ya'yan, kuma yanzu nake sa surukaina su yi, shi ne wannan. Da azumi idan za a shiga Kantin Kwari, a yanko kala biyu, a kai wa tela lokaci guda, amma kala ɗaya kawai za a fito da ita ranar Ƙaramar Sallah. Ɗayar a naɗe ta da turare a sa ƙasan akwati, kada yaran ma su san da ita. Ranar Layya sai a fito da ita, sabuwa fil. Ba ki ƙara ko kwabo ba, dama kala biyun za ki yi, raba su kawai kika yi. Mutane su ne ke ɓata abin, a ɗinka kala uku a sa su duka cikin kwana uku na yawon Sallah, sai Babba ta zo a tsaya ana zare ido. Na bana dai ya wuce miki, amma ki riƙe ta don baɗi. Na bana kuwa, ki saya wa matan sabon mayafi ko ɗankwali, mazan sabuwar hula, a ɗora a kan na Ƙaramar Sallah. Yaro abu ɗaya sabo yake nema ya nuna wa abokansa.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Hajiya. Wallahi kala bibbiyu na yi musu kuma duk sun sa. Da na sani.

Tela Mai Haƙuri: Tunda an taɓo sana'armu bari in sa baki kafin a fara zaginmu kamar yadda aka saba duk shekara. Wanda zai yi ɗinki ya kawo yau, ba gobe ba. Daga saura sati biyu kuɗin ɗinki ya tashi ke nan, kuma ba mugunta ba ce. Wuta babu, janareto muke kwana da shi, yaran shago sai an ƙara musu kafin su yarda su kwana, mai aikin surfani shi ma ya ƙara nasa. Sannan abin da ke cinye kuɗinku ba yadin ba ne, ado ne. Mace ta kawo atamfa mai sauƙi ta ce a sa mata duwatsu da leshi a hannu da wani salo da ta gani a Instagram, kuɗin ɗinkin ya fi na atamfar. Yaro ɗan shekara huɗu a ce sai an yi masa babbar riga da aiki har ciki, rigar da awa biyu zai yi da ita ya zuba mata miya.

Amaryar Bana: Ku fara cika alkawari tukuna. Bara wani tela sai da safiyar Sallah ya ba ni kayana, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Tela Mai Haƙuri: Yaushe kika kai masa?

Amaryar Bana: Saura kwana shida.

Tela Mai Haƙuri: To ki gode da ya sa hannun ma.

Mai Kiwo, Gumel: Duk kuna ta kewaye-kewaye, babban kuɗin yana wurin rago. Ni a kusa da Maigatari nake, duk Alhamis ina kasuwa. Ragon da za ka saya a bakin titi cikin Kano ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso gare ka: mai kiwo, dillali, ɗan kasuwar da ya loda mota, sai wanda ya kafa turke a unguwa yana biyan kuɗin wuri da dusa da mai gadi. Kowa sai ya ci. Tun da fetur ya tashi, kuɗin mota kaɗai ya zama wani rago. Idan mutum huɗu ko biyar za su haɗu su ɗauki mota ɗaya su je Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, za su ga bambanci. Amma a tafi da wanda ya san dabba. A buɗe baki a duba haƙori, a taɓa gadon baya a ji nama ne ko gashi, a sa ta yi tafiya a gani ko tana ɗingishi. Akwai masu ɗura wa dabba ruwa da gishiri ta kumbura, ka kai gida kwana biyu ta saɓe. Kuma a daina raina ɗan ƙasa. Kowa idonsa na kan Balami da Uda saboda tsayi da ƙaho, alhali ɗan ƙasa mai ƙiba ya fi dogon rago marar nama.

Baban Sadiq, Kaduna: Ni dabarata ita ce jira. Ranar Sallah da yamma ko washegari, masu raguna sun ƙosa su koma gida, ba sa son biyan kuɗin motar mayar da dabba. A nan ake samun rabin kuɗi.

Mai Kiwo, Gumel: Caca ce wannan, Baban Sadiq. Shekarar da dabbobi suka yi yawa, haka ne. Shekarar da suka yi ƙaranci, ka jira ka tashi a tutar babu, ko ka sayi ragowar da kowa ya ƙi. Ka tuna 2025 da Nijar ta hana fitar da dabbobi ana dab da Layya. Mu da ke bakin iyaka mun ga yadda kasuwa ta rame. Wanda ya ce zai jira ranar ƙarshe a irin wannan shekarar, shi da sa'arsa.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne an hana, a watan Mayu ne, don farashi ya sauka a cikin gida. Masu saye a wurinmu sun ji daɗi, amma makiyaya sun koka, domin kasuwarsu ta gaske Najeriya ce. Ni abin da zan ƙara, a nan mutane da yawa tun bayan Sallah da wata biyu ko uku suke sayen ɗan rago su ɗaure a gida. Mata ne ma suka fi yi, da kuɗin adashe. Ƙanzo, ruwan tsari, ɓawon wake, dusar gero, duk abin da za a zubar shi ne abincinsa. Wata ta ɗaure biyu, ta sayar da ɗaya ana gobe Sallah, kuɗin ya biya na ɗayan har da kayan yara.

Maman Ilham: Ɗan Maraɗi gidan haya muke, ciki da falo, tsakar gida ta mutum shida. Idan na ɗaure rago mai gidan zai ɗaure mana kayanmu.

Anti Nas: Kuma kiwon birni ba kyauta ba ne. Na gwada shekara biyu. Mu ba ma daka, ba ma surfe, komai sai an saya: dusa, harawa, ɓawon wake, ga allura. Da na zauna na tara abin da na kashe cikin wata takwas, ribar ba ta taka kara ta karya ba, ga share kashi safe da yamma. Na biyun kuma saura kwana tara Sallah aka haura katanga aka ɗauke shi. Wanda ke ƙauye ko yake da gona, kiwo riba ne. Mu na cikin gari a yi lissafi da kyau.

Baban Sadiq, Kaduna: To a haɗa kuɗi a sayi sa mana. Mutum bakwai, kowa ya kawo kasonsa, naman ma ya fi auki. Mu a wurin aiki haka muke yi.

Hajiya Babba: Wannan ai watanda ce, ba layya ba. Mu dai da muka taso ba mu ga ana haɗa kuɗin layya ba. Watanda da Ƙaramar Sallah ake yin ta.

Baban Sadiq, Kaduna: Hajiya da girmanki, akwai hadisi. Malam yana nan, a tambaye shi.

Malam Na Zazzau: Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Kowannenku yana da madogara. Abin da Hajiya ta taso ta gani shi ne mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar nan tun da: ba a tarayya a kuɗin dabbar layya. Sauran mazhabobin uku sun halatta mutum bakwai su haɗu a sa ko raƙumi, hujjarsu hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim. Saɓani ne na malamai, ba abin da za a ɓata zumunci a kansa ba.

Amma akwai abin da ya fi wannan amfani ga mai tambaya, kuma ban ga wanda ya ambata ba. Layya sunna ce a kan wanda yake da iko. Wanda sai ya ci bashin da bai san ta inda zai biya ba, ko ya taɓa abincin iyalinsa, ba a ɗora masa ba. Sannan ba dole sai rago ba. Duk wanda ya karanta Risala, littafin fikihun Malikiyya, a zaure ya san jerin: rago, sai tunkiya, sai bunsuru, sai akuya, kuma a Malikiyya akuyar nan ta fi sa da raƙumi falala a layya. Dabba ɗaya ta isar wa magidanci da iyalan da yake ciyarwa. Kwanakin yanka uku ne, 10 da 11 da 12 ga Zulhajji, don haka wanda ya yanka washegari layyarsa ta yi. Abin da ake nema lafiyar dabba da cikar shekarunta, kada ta zama mai ido ɗaya, ko gurguwa, ko marar lafiya, ko ramammiya. Ban taɓa ganin inda aka ambaci tsawon ƙaho ba.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, na gode. Amma gaskiya ko na faɗa wa Baban Ilham ya sayi tunkiya ba zai iya ba. Maƙwabcinmu na ɗaki na kusa duk shekara ƙaton rago yake ɗaurewa a ƙofar gida tun saura sati. Ya za a yi ya jawo akuya ta gabansa?

Malam Na Zazzau: To kin ga ashe ba layyar ce ta yi tsada ba, maƙwabcin ne.

Amaryar Bana: Malam ya gama magana. Kuma a lura, maza kullum ku ce mata ne masu gasa, ga shi nan taku ta fito. Mu atamfa ce, ku rago da shadda Getzner. Wa ya fi kashe kuɗi?

Baban Sadiq, Kaduna: Shaddar tawa shekara uku nake sa ta. Ke faɗa mana, labule da kafet da kuke canjawa duk Sallah, su ma sunna ne? Da sababbin kuloli na kai abinci gidan surukai, na bara me suka yi?

Amaryar Bana: Idan na kai tuwon Sallah gidan uwar mijina a tsohuwar kula, ba kai za a yi wa gori ba. Kuma mai kishiya ta fi ni sanin wannan.

Uwargida Sarautar Mata: An kira ni, ga ni. Mu biyu ne, kuma shekarun farko wallahi mun wahalar da bawan Allahn nan. Idan ta yi cincin mudu biyu sai na yi uku. Ta yi kaji huɗu in yi biyar. Tukunya biyu, gas biyu, man gyaɗa galan biyu, abincin kuma ya kwana ya lalace saboda duk gidajen da za mu kai wa su ma sun dafa. Shekara uku ke nan muka zauna ni da ita, ba da saninsa ba ma, muka ce girkin Sallah tukunya ɗaya ce. Ita ta iya waina, ni na iya miya da suya. Lemon kwalba muka soke, zoɓo da kunun aya da lemon citta muke haɗawa a babbar roba, baƙi ma sun fi so. Ba wai mun zama Hassana da Usaina ba ne, har gobe muna 'yar tsama, amma a kan kuɗin cefane mun yi sulhu, don mun gane duk abin da ya ƙone a Sallah daga kuɗin makarantar 'ya'yanmu ya fito.

Admin: A ci gaba, amma ban da gori tsakanin maza da mata. Wanda ya sake zan cire saƙonsa.

Anti Nas: Bari in dawo da mu kicin. A shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne tsakanin Mayu da Yuni, daidai lokacin da tumatirin rani ya ƙare na damina bai zo ba. Shi ya sa za ki je 'Yankaba ki ga kwando ya yi tsadar da ba ki gane ba. Lokacin sanyi, da tumatirin Kadawa da Kura ya cika kasuwa har ana zubarwa, a nan ake sayen na Sallah. Ko a yanka a shanya ya zama kauɗa, ko a markaɗa a tafasa har ruwan ya ƙone a zuba a kwalba a rufe da mai. Tattasai da attaruhu ma haka, albasa kuma a baza ta inda iska ke shiga. Wanda bai yi ba, yanzu sai haƙuri: a haɗa kauɗa da ɗan ɗanye, a jiƙa ta da ruwan zafi tukuna, ba mai ganewa a miya.

Na biyu, suya. Mutane na sayen mai galan guda don suyar rago alhali ragon da mansa ya zo. A fara narka kitsen, a soya naman a ciki, mai kaɗan za a ƙara. A tafasa naman da gishiri da citta da tafarnuwa har ruwan ya tsotse kafin a soya, a soya shi ya bushe sosai, ya huce sarai kafin a rufe. Wanda aka rufe da ɗumi shi ne yake yin gumi ya yi fumfuna. Kada a dogara da firiza, ranar Sallah kowa ya san halin wuta. Ina ganin masu zuwa asibiti da gudawa kwana uku bayan Sallah, kuɗin magani ya fi na man da aka yi tsimi.

Ɗan Maraɗi: Mu a nan da yawa ba ma suyar farko da mai. Ana feɗe ragon a buɗe shi a tsire a jikin itace, a jera kewaye da wuta, maƙwabta su haɗa itace wuri guda, ya gasu a hankali har dare. Washegari ake rabo. Wuta ɗaya ta ishi gida biyar.

Hajiya Babba: Wannan haɗa wutar ita ce muka rasa a birni. Da a gidanmu na cikin gari murhu ɗaya ake kafawa, babbakar kai da ƙafa ma yaran gida ke yi. Yanzu kowa sai ya kira mai babbaka, ya kira mahauci, ya kira mai wankin kayan ciki.

Malam Na Zazzau: Tunda an ambaci mahauci, a sa kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu. Ba a biyansa da naman layya ko da fata, kuma mai layya ba ya sayar da fatar. Kyauta ko sadaka ake yi da ita, shi ya sa ƙungiyoyi irin su Izala suke bi suna tarawa. Kada wani ya ce zai rage tsada ta nan.

Ɗan Kasuwar Singa: Ni tambaya zan yi wa masu asusu. Matata duk shekara tana tara kuɗin Sallah a asusun katako, ta fasa saura sati biyu. Na ce mata wannan asara ce. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Dubu goman da kika jefa a Muharram ba ita za ki ciro a Zulƙida ba, takardar ce dai iri ɗaya. Mu da ke kasuwa mun sani, mai, sukari, fulawa, shinkafa, duk suna motsawa idan Sallah ta matso saboda kowa ya taso lokaci guda. Maimakon ajiye kuɗi, a ajiye kaya. Wannan watan galan ɗin mai, wata mai zuwa fulawa, na gaba yadin yara. Abin da ba ya lalacewa a saye shi tun ba a fara rububi ba.

Uwargida Sarautar Mata: Ka manta da abu ɗaya. Kuɗin da ke cikin asusu ba ya ciwuwa. Galan ɗin mai kuwa idan yana ɗaki, ranar da na girki ya ƙare za a ce "ɗan ɗiba kaɗan, za a mayar." Kafin Sallah sai galan.

Ɗan Kasuwar Singa: Sai ki bar shi a shago wurin wanda kika amince da shi, ki karɓi rasit. Muna yi wa mutane haka. Kuma asusun ma kin manta ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 da aka canja takardun 200 da 500 da 1000? Mata nawa ne suka fasa asusu a gigice suka bi layin banki da tsofaffin kuɗi?

Hajiya Babba: Ni dai adashe na sani, shi ya aurar min da 'ya'ya huɗu. Mu goma ne, kuma tun farko ake faɗa wa uwar adashe wanda yake son kwasar Sha'aban da wanda yake son ta Zulƙida. Amfaninsa kunya: asusu kina iya tsallake sati ba wanda ya sani, adashe kuwa sai kin zuba. Amma da waɗanda kika san gidajensu da iyayensu. Adashen waya da ake yi yanzu da mutanen da ba a taɓa gani ba, jikata ta shiga ɗaya, saura mutum biyu kwasarta aka rufe guruf ɗin, lambar ta daina shiga.

Baban Sadiq, Kaduna: Gara wannan a kan bashin manhajar waya. Ina roƙon kowa da girman Allah, kada Sallah ta sa ya taɓa shi. Wani abokin aikina ya ci don ya cika kuɗin rago, ruwan da ke kai ya taru, ya yi jinkirin sati ɗaya, suka tura wa duk lambobin da ke wayarsa saƙo cewa shi ɓarawo ne, har surukinsa. Naman ya ƙare a kwana goma, shi kuwa sai da ya kai Maulidi yana biya. Ga riba ga tonon asiri. Da ma Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Amaryar Bana: Ni abin da ke ba ni haushi sababbin kuɗin barka da Sallah. A je a sayi bandir ɗin 'yan ɗari-ɗari a bakin titi, a ba da ƙari mai yawa a kai, don kawai yara su karɓi sabuwa. Yaron nan minti biyar zai kai ta wurin mai alawa.

Ɗan Kasuwar Singa: Kuma sayar da takardar naira laifi ne a dokar Babban Banki ta 2007, mutane ba su damu ba ne kawai. Ni tun Shawwal nake ware canji masu kyau-kyau a gwangwani. Masu cirar kuɗi a POS su ma su cira sau ɗaya, ba dubu biyar yau dubu uku gobe ba, kowane da cajinsa.

Maman Ilham: Na dawo. Na karanta masa duka bayan isha'i, har da maganar Malam ta maƙwabci. Ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya yi shiru. Ga inda muka tsaya. Ɗinki an soke, sai mayafai uku da huluna biyu kamar yadda Hajiya ta ce, Ilham kaɗai za a yi wa riga don ta yi tsawo da gaske. Lemon kwalba babu. Kitso ƙanwata za ta zo ta yi musu, lalle ni zan kwaɓa. Ya yarda da tunkiya, amma da sharaɗin a Bichi za a saya a yanka a can gidan su, ba za ta taka ƙofar gidan hayar nan ba. Na ce na ji, ko banza kuɗin itace da mahauci sun ragu tunda 'yan uwansa suna haɗa wuta. Saura abu ɗaya da ya gagara: turmin atamfar da yake kai wa Inna duk Sallah, da na yayyensa mata biyu. Na ce a kai na Inna a bar sauran, ya ce in bar maganar.

Hajiya Babba: Ki bar ta ɗin, 'yata. Ta Inna ba a taɓawa, na yayyen kuma ba daga bakinki za ta fito ba. Ki bari shi da kansa ya je Kwari ya ji farashi.

Mai Kiwo, Gumel: Idan tunkiya ce ku tabbatar ba ta da ciki. A sa mai kiwo ya taɓa, kada a dogara da maganar dillali.

Maman Ilham: To madalla, zan faɗa masa. Tela Mai Haƙuri, rigar Ilham guda ɗaya ce, doguwa, ba dutse ba leshi. In aiko gobe?

Tela Mai Haƙuri: Aiko kafin azahar, da tsohuwar rigarta ta awo. Amarya kuma idan da naki ki haɗo yanzu, saura kwana shida ba na ɗaga waya.